Yadda Ake Gasa Ƙafa da Hannu da Ruwan Ɗumi da Ruwan Sanyi a Gida

Duk wanda ya wuni a tsaye ya san nauyin da ƙafa take yi idan dare ya yi, ko tela ne da ke taka keken ɗinki, ko mai shago a kasuwar Wunti, ko matashin da ya buga ƙwallo a filin unguwa bayan la'asar. Abin da muka taso muka tarar a nan Bauchi shi ne gashi da ruwan zafi: a tsoma tsumma, a matse, a danna wurin da yake tsami. Wannan yana da amfaninsa. Abin da zan koya maka shi ne ka ƙara bokiti na biyu mai ruwan sanyi, ka riƙa sauya ƙafar daga wannan zuwa wancan bisa lokaci. Na daɗe ina yin sa wa kaina, ina kuma haɗa wa yaran ƙungiyar ƙwallon unguwarmu idan sun dawo daga wasa mai wuya. Na ga inda yake aiki, na kuma ga inda mutane suke cutar da kansu da shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani limamin coci ɗan Jamus, Sebastian Kneipp, wanda ya rasu a 1897, ya yi suna wajen jinya da ruwan zafi da na sanyi, kuma har yau ana amfani da ita a sashen gashin ƙashi na asibitoci da kuma wurin 'yan wasa. Dalilinta a taƙaice: ɗumi yana sa ƙananan jijiyoyin jini na fata su buɗe, sanyi yana sa su tsuke. Idan ana sauyawa sai ya zama kamar ana matsa soso ana saki, jini ya riƙa kai-komo a wurin. Sanyin kuma yana dusashe zugi, ɗumin yana sassauta naman da ya ƙage.

Sai dai in faɗa maka iyakarsa tun yanzu. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje 18, ya nuna cewa wannan sauye-sauyen ya fi zaman hutu kawai wajen rage tsamin jiki bayan motsa jiki mai tsanani, amma bai yi wa sauran dabaru irin su ruwan sanyi zalla wata tazara ba. Wato sauƙi yake kawowa ga gajiya, tsamin nama, ƙagewar gaɓa da ragowar kumburin tsohon targaɗe. Ba ya maganin hawan jini, ba ya maganin ciwon suga, ba ya narkar da teɓa. Wanda ya gaya maka haka, ka bar masa maganarsa.

Kayan da za ka tanada

Bokiti biyu ko baho biyu na roba, masu zurfin da ruwa zai rufe idon sawu ya haura zuwa rabin ƙwauri. Tsohon bokitin fenti mai lita 20 yana da kyau idan ƙafa ɗaya ce, amma a wanke shi tas. Idan ƙafa biyu za ka tsoma tare, baho ya fi. Ga hannu kuwa, robar wanke-wanke biyu sun isa.

Tukunya ko butar ƙarfe ta tafasa ruwa, da fulas idan akwai, don ajiye ruwan zafin da za ka riƙa ƙarawa. Moɗa ko kofi ɗaya na awo. Ƙanƙara. Tawul biyu, ɗaya na shimfiɗawa a ƙasa, ɗaya na gogewa. Kujerar da za ka zauna daram. Waya ko agogo. Man kaɗanya ko basilin. Kofin ruwan sha a kusa.

Ma'aunin zafi ba dole ba ne, amma yana kawar da shakka. Wanda ake auna zazzaɓi da shi, mai batir, da ake samu a kemis, zai yi maka aiki a bokitin ɗumi kawai, domin ba ya karanta sanyi, kuma yawanci yana tsayawa a wajen digiri 42 zuwa 43. Idan ruwan ya fi jikinka ɗumi amma ma'aunin ya kasa ba ka lamba, ruwan ya yi zafi da yawa. Kada ka tsoma na gilashi a ruwan zafi, yana iya fashewa.

1. Fara da tambayar ko kai ka dace da yin sa

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Mai ciwon suga kada ya yi sai likitansa ya yarda. Suga idan ya daɗe yana kashe jin ƙafa, mutum ya tsoma ta cikin ruwan da zai iya saɓule fata amma ya ce da daɗi. Washegari a ga bororo, bororo ya zama gyambo, kuma gyambon mai suga ba ƙaramin abu ba ne. Haka duk wanda ƙafarsa ko hannunsa ba ya jin taɓi sosai, ko saboda shanyewar ɓarin jiki ne, ko kuturta, ko ciwon laka.

Mai sikila ya nisanci bokitin sanyi gaba ɗaya. Sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, iyaye ma sun san yadda hunturu yake zame wa yaransu. Shi ɗumi kawai ya dace da shi.

Sai mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, wanda yatsunsa suke yin fari fat ko shuɗi idan ya taɓa sanyi, wanda fatarsa take yin borin jini da ruwan sanyi, da mai buɗaɗɗen rauni, maruru ko ƙuna a wurin. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo kafin ta fara. Ƙananan yara ba a yi musu, fatarsu ba ta da kauri.

Akwai kumburi iri biyu da ba a gasawa. Na farko, sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota, ko tiyata, ko haihuwa. Wannan yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, idan aka gasa ko aka murza yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Na biyu, ƙafafu biyu su kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa da wuri. Wannan sau da yawa daga zuciya, ƙoda ko hanta yake. Dukansu na asibiti ne, ba na bokiti ba.

'Yar'uwa mai jego, wannan ba wankan jego ba ne, kuma kada a haɗa miki su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da al'adar wanka da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gado mai wuta da shan kunun kanwa da yawa. Jikin da ya haihu ba ya buƙatar ƙarin wata jijjiga.

Sabon targaɗe kuma a jira. Kwana biyu zuwa uku na farko sanyi kawai ake sawa: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Ɗumi a wannan lokacin ƙara kumburi yake yi. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wurin 'yan ƙwallo, yaro ya gurɗe da yamma, da daddare a gasa masa da tafasasshen ruwa, da safe ƙafa ta cika takalmi ya ƙi shiga. Idan ma ba ya iya taka ta ko taku huɗu, a je a ɗauki hoto tukuna, kada ya zama karaya ce ko tsagewar ƙashi.

2. Shirya wurin

Ka shimfiɗa tawul, ka jera bokitan biyu dab da juna a gaban kujera, yadda za ka ɗaga ƙafa daga wannan zuwa wancan ba tare da ka tashi ba. Tayil mai jiƙa yana kayar da mutum. Fulas ya kasance nesa da inda yara za su kai hannu.

Idan da gawayi za ka tafasa ruwan, a tsakar gida za ka yi, kada ka shigo da kurfoti ɗaki ka rufe ƙofa don ana sanyi. Hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Idan da hita ce, ka cire ta daga soket kafin hannunka ya taɓa ruwan.

3. Surka ruwan ɗumi

Abin da ake nema shi ne digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas. Jikin mutum yana wajen 37, to ka ga ɗan sama da jiki ne kawai. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, wancan yana wajen digiri 31 ne rani da damina, naka ya kamata ya fi shi ɗumi sosai, amma ba har ya kai ga ciza fata ba.

Kullum ruwan sanyi ake fara zubawa a bokiti, sannan a bi shi da tafasasshe, a juya da moɗa. Awon ya danganta da lokaci. Idan ruwan famfo ko na rijiya yana yadda ya saba, moɗa ɗaya ta tafasasshe a kan moɗa huɗu ta na sanyi. Da hunturu, lokacin da ruwan da ya kwana a waje yake cizon hannu, ɗaya a kan uku. Da bazara, watan Maris da Afrilu, ɗaya a kan shida ma ta isa, kai wani lokacin ruwan tankin da ya wuni a rana shi kaɗai ya kusa kaiwa.

Bayan ka juya, ka tsoma gwiwar hannunka ka ƙirga zuwa goma. Idan ka ji kana son zarewa, ƙara ruwan sanyi. Kada ka gwada da tafin hannu ko da ƙafa. Hannun da ya saba da tukunya ko fartanya da ƙafa mai kaushi ba sa faɗin gaskiya game da zafi.

Mutanenmu suna da wani tunani cewa sai ruwa ya sa mutum ya yi ƙara sannan gashi ya yi aiki. Ba haka ba ne. Da zarar zafi ya wuce abin da fata za ta ɗauka cikin natsuwa, naman jiki ɗaurewa yake yi maimakon ya saki, abin da ake nema ya ɓaci, ga haɗarin ƙuna.

4. Haɗa ruwan sanyi

Nan ake son digiri 10 zuwa 15. Ga mai farawa, ko dattijo, 15 zuwa 18 ma ya wadatar.

Hanya mafi sauƙi ita ce ledar fiya wata da ta daskare. Kowace leda rabin lita ce. A ruwa kamar lita 8, leda biyu zuwa uku sun isa a lokacin da gari ba zafi, da bazara kuwa sai ka kai huɗu. Ka yage ledar, ka zuba ƙanƙarar, ka juya har sai yawancinta ya narke. Kada ka ɗora ƙafarka a kan gundumemiyar ƙanƙara, tana ƙona fata kamar yadda wuta take yi.

Idan babu wuta kuma firij ya saki, masu sayar da ƙanƙara na unguwa suna nan, bulo ɗaya ƙarami ya ishe ka. Idan ita ma babu, ɗebi ruwan randa. Bai kai sanyin da littafi yake so ba, amma tunda daga ɗumi ƙafar za ta fito, za ta ji bambancin, sai ka ƙara mata lokaci zuwa minti biyu. Daga Disamba zuwa Janairu kuwa ba ka buƙatar sayen komai. Ka cika bokitin ƙarfe ka bar shi ya kwana a tsakar gida, da asuba za ka same shi yadda ake so.

5. Fara da ɗumi, minti uku zuwa huɗu

Ka sha ruwa, ka zauna, ka sa ƙafar a hankali. Kada ka bar ta sandare a ciki. Ka riƙa motsa yatsu, ka ɗaga tafin ƙafa sama ka mayar ƙasa, ka juya idon sawu hagu da dama iyakar inda ba ya ciwo. Idan hannu ne, ka dunƙule ka buɗe, ka taɓa kowane yatsa da babban yatsa. A ganina wannan motsin shi ne rabin amfanin aikin, musamman ga gaɓar da ta ƙage bayan an cire filasta ko an kwance ɗauri, da kuma iyayenmu masu ciwon gaɓoɓin yatsu da suke kasa riƙe buta da safe.

6. Koma sanyi, minti ɗaya

Ka ɗaga ƙafar ka sa ta cikin ɗaya bokitin nan take, ba tare da gogewa ko tsayawa ba. Daƙiƙa goma na farko su ne masu wuya, za ka ji numfashinka ya ɗauke kaɗan. Ka fitar da numfashi a hankali ta baki, zai wuce. Ranar farko daƙiƙa 30 ta isa.

Fata za ta yi ja, wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ta yi fari fat, ko shuɗi, ko ka daina jin yatsunka, ko zugi ya riƙa ƙaruwa maimakon ya lafa. Idan haka ta faru, ka fitar, ka naɗe da tawul, ka bar shi a nan.

7. Maimaita

Ɗumi da sanyi zagaye ɗaya ke nan. Ka yi zagaye uku zuwa biyar, jimla minti 15 zuwa 20. Ka sa agogon waya ya riƙa yi maka ƙara, domin idan hira ta yi daɗi sai ka ga ƙafa ta yi minti goma a bokiti ɗaya.

Wajen zagaye na uku ruwan ɗumin zai huce. Lokacin da ƙafarka take cikin sanyi, a lokacin ne ake ƙara ruwan fulas, a juya, a sake gwadawa da gwiwar hannu. Kada wani ya tuttula ruwan zafi alhali ƙafa tana cikin bokitin. Kuma ka tuna ƙafar da ta fito daga ƙanƙara jinta ya ragu, ba za ta gane ruwan ya yi yawa ba sai bayan ta ƙone.

8. Da wanne ake rufewa?

Idan damuwarka kumburi ne ko zugi bayan wasa, rufe da sanyi. Idan ƙagewa ce ko sanyin ƙashi, ko kuma za ka kwanta barci ne a daren hunturu, rufe da ɗumi. Ka goge sosai, har tsakanin yatsu, domin danshin da ya maƙale a nan shi yake kawo ƙaiƙayi da tsagewar fata. Ka shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da bayan ƙafa, ban da tsakanin yatsun. Jiƙa ƙafa a ruwa yana busar da fata, idan ba ka shafa mai ba sai faso ya biyo baya. Daga nan ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi na minti goma. Idan za ka tashi, tashi a hankali, wasu sukan ji jiri.

Idan wurin ba ya shiga bokiti

Gwiwa, kafaɗa, ƙugu da wuya sai da tawul. Ka sa ƙaramin tawul a kowane bokiti. Ka matse na ɗumi ka ɗora, minti uku, kana sake tsoma shi idan ya huce. Ka cire ka ɗora na sanyi, minti ɗaya. Lissafin duk ɗaya ne. A nan za ka so wani ya taimaka maka, ka kuma gaya masa ya gwada tawul ɗin a cikin damtsensa kafin ya ɗora maka.

Na jiki duka

Wannan na masu ƙoshin lafiya ne kawai, kuma sai bayan ka saba da na ƙafa. A nan ba a sa ƙanƙara. Bokiti ɗaya surkakke, ɗaya ruwan famfo ko na rijiya yadda yake. Ka yi wankanka da na ɗumi, sannan ka ɗauki moɗa ka fara zuba na sanyi daga ƙafa zuwa gwiwa, zuwa cinya, sai hannaye, sannan ƙirji da baya, tsawon daƙiƙa 30. Kada ka fara da juye bokiti a ka. Ruwan sanyi idan ya bugi jiki gaba ɗaya lokaci guda yana sa bugun zuciya da hawan jini su tashi nan take, shi ya sa na hana masu ciwon zuciya da hawan jini. Za ka iya komawa ɗumi ka sake sau biyu ko uku.

An yi wani gwaji a ƙasar Holan da aka buga a 2016, da mutane sama da 3,000, inda mafi yawansu suke rufe wankan ɗumi da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, 60 ko 90 har tsawon wata guda. Fashin zuwa aiki saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 29 cikin 100 a wurinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba, amma yawan kwanakin da suka ji ba su da lafiya bai sauya ba. Abin da na fi riƙewa daga ciki shi ne, masu daƙiƙa 30 sun sami abin da masu 90 suka samu, don haka babu dalilin tsayawa kana karkarwa. Kada ka yi shi da zazzaɓi a jiki, ko da ƙoshi, ko da rana tsaka kana azumi, kuma kada ka sa sakata a banɗaki idan kai kaɗai ne a ciki karon farko.

Sau nawa, kuma yaushe za a daina

Ga gajiyar aiki ko wasa, ranar da ka ji buƙata kawai. Ga tsohon targaɗe ko gaɓa mai ƙagewa, sau ɗaya ko biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu. Idan mutum biyu za su yi, a sauya ruwa a wanke bokiti, cutar fata tana bin ruwa.

Idan mako biyu suka wuce babu sauyi, ko kumburi ya ƙaru bayan gashin, ko gaɓa ta yi ja tana zafi tare da zazzaɓi, ko kana jin minjirya da mutuwar ƙafa da ba ta tafiya, ka ajiye bokiti ka nemi likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe duk suna da sashen gashin ƙashi. Idan ka je, ka gaya musu abin da kake yi a gida, da zafin ruwan da tsawon lokacin, don su san inda za su ɗora.